Sallamar da Ta Maƙale a Injinmu

Jama'a, oga ya ce in ci gaba da aiki! Ban rasa gurbina ba, wallahi har rawa na taka a ɗaki ni kaɗai.

Ga yadda aka yi. Ni ɗan poli ne, ina koyon aiki a wani shagon sola a Ƙaura. Ni na saita injin da ke raba saƙonnin kwastoma: mai kukan batir a tura shi rukunin gyara, mai maganar biya a kai shi rukuninsu, mai Fulatanci a haɗa shi da mai ji. Sai ga ƙorafi daga Zurmi da Shinkafi, wai ba ma amsa su. Oga ya ce in je in gano, ko in tattara.

Mun tashi da asuba ni da wani abokin aiki, amma direba ya ƙi motsi sai da rana ta fito, kun san hanyar. Kuɗin mota ya hau, cikin mota kuma kowa na addu'a a ransa. A Moriki abokin nawa ya sauka, ya bar ni. Netwok ya ɗauke. Na ci hoce, wainar dawa, a bakin kasuwa ina kallon shanu, ba wanda ya san ni, ba mai ce min gaye ya ne.

A Katuru na samu wani dattijo da fitilarsa ta mutu tun kafin girbin gero. Ya miƙo min waya. Saƙo ɗaya ne ya turo mana, sallama da gaisuwa, shi ke nan.

Na ce, "Baba, ai ba ku faɗi matsalar ba."

Ya ce, "Ɗana, ƙaƙa zan faɗi ba a amsa man sallama ba? Haka kuke shiga gidan mutane a Ƙaura?"

Kai! Injin namu saƙon farko kawai yake dubawa. In bai ga batir ko biya ba, sai ya jefa shi kwandon da ba mai leƙawa. Gaisuwar mutane ce jibge a can, suna jira.

Na dawo shaf-shaf, na buɗe rukunin tarba. Yanzu mutum ne ke amsa sallama, ya tambayi gida, sannan ya miƙa ka ga gwanin matsalarka. Jiya aka gyara fitilar Baba.

Abin da na koyo: mutanenmu ba sa faɗin damuwa sai an gaisa.

Ku tura wa 'yan uwa na Zurmi da Shinkafi, su sake yin sallama, za a amsa.