Ranar da Aka Zaunar da Farar Kaza da Balbela

Wanda bai san sanyin Jos ba, bai san darajar kaskon wuta ba. A gidanmu na Tudun Wada, da an idar da magariba sai kakarmu Iya ta hura gawayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ngozi, 'yar maƙwabcinmu mai shagon kayan gini, kullum tana gefena, don ƙawata ce ta ƙut-da-ƙut.

Wata rana yayana Bala, sarkin iyayi, ya ce ta tashi ta tafi gidansu, wai ita ba irinmu ba ce. Ngozi ta fara laluben takalminta. Ni kuwa na san in ta fita ba za ta ƙara dawowa ba.

"Zauna, 'yar nan," in ji Iya. "Kai kuma mijin banza, buɗe kunnenka."

Ta ce wai sarkin tsuntsaye ne ya so ya san iri nawa yake mulka, sai ya sa a raba su da launi. Aka haɗa farar kaza da balbela, baƙar kaza da hankaka. Shekara ta zagayo, ko ɗan tsako ɗaya babu. Sai tsohuwar agwagwa ta ce ranka ya daɗe, an yi aikin banza. A bar kowa ya nemi wanda in sun haɗu za su haihu, 'ya'yan su ma su haihu. Nan take kaji suka koma wuri guda, fara da baƙa da ja, har da mai tsiraicin wuya.

Iya ta juya gawayi, ta dubi Bala. "To malam, mutum iri nawa ne?"

Ngozi ta ajiye takalminta.

Sai da na shiga jami'a ina karanta ilimin halittu na tarar da maganar agwagwar nan a littafi, an yi mata ado da Turanci: abin da ke sa halittu su zama iri ɗaya ke nan. Wallahi har ƙwalla na yi don alfahari. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta riga malamaina.

Ngozi dai wani tela ɗan ƙabilarmu ta aura a unguwar Dilimi. Bana na je sunan jikarta ta fari, ni na raba goro.