Rabin Ƙwaya

Mama ta yi shekara da shekaru tana koyar da Turanci a wata firamare a Tudun Wada, amma cikin duk Turancin nan kalma ɗaya ce ta biyo ta gida: maneji. A aji takan ce wa yara ma'anarta tafiyar da aiki yadda ya kamata. A ɗaki biyun da muke haya a bayan gidan wani Alhaji a Nassarawa GRA kuwa, babu inda kalmar ba ta shiga. Sabulu ya narke ya koma kamar farce, a yi maneji. Takalmi ya tsinke, a ɗinke a yi maneji. Maƙwabta su tambayi lafiyarmu, muna maneji. Na tsani kalmar, amma da ita aka raine ni.

Bayan ta yi ritaya hawan jini ya kama ta. Likita ya ce ƙwaya ɗaya kowace safiya. Mama ta dubi kwalin ta ga maganin wata guda zai kai wata biyu. Sai ta miƙo min reza.

"Raba min biyu, 'yata. Mu yi maneji."

"Mama, ɗaya fa aka ce."

"Jikina ne ko na likita?"

Na raba, ni da na yi jami'a. Abin da ya fi ci min rai shi ne har ƙwarewa na yi. Sai in ɗora ƙwayar a faranti in danna sau ɗaya, ta rabu daidai, ko gari ba ya zuba. Mama har yabona take yi gaban baƙi, ni kuma ina jin daɗi.

Wata Laraba da hantsi tana shanya a gindin mangwaro ta faɗi. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

A asibiti likita ya tambaye ni, "Wa ke ba ta magani?"

"Ni ce."

"Kullum?"

"Kullum."

Ban ce masa rabi ba. Mama na kwance tana kallona.

Yanzu ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta a gado. Kowace safiya ƙwaya ɗaya cur nake kai wa bakinta. Har yau sai ta ture hannuna da hagunta, ta nuna min bakin taga inda muke ajiye reza.