Yadda katin inshora biyu suka kusa cinye min ƙafa

Salamu alaikum. Wata biyar ban leƙo nan ba, har wasu sun fara tambayar ɗana Nura ko rasuwa aka yi aka ɓoye. To ina nan da raina, bakina ma bai mutu ba.

Shekara talatin da biyar na yi a ofishin rajista na wata ma'aikatar tarayya. Da na yi ritaya Nura ya ɗauko ni zuwa wajensa a Shisha, nan Makka. Ciwon suga kuwa tun ina aiki muke tare.

Sabon takalmi na saya a kasuwar Aziziyya, ya ɗan ci ni a ƙaramin yatsa. Na shafa man zaitun na ci gaba da harkata. Cikin kwana goma yatsan ya yi baƙi. A kan sallaya na fara jin warinsa.

Ga wautar da na tafka. Lokacin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, dole a sayi inshorar lafiya, tamin ake ce mata a nan. Nura ya so saya min mai kyau, na ce ya ɗauki mafi araha don takarda ta fita kawai, ai ina da katin inshorar 'yan fansho na tarayya daga gida. Kuma ina ganin maƙwabciyata, tsohuwa Bahaushiya, tana zuwa asibitin gwamnati kyauta, na ɗauka haka ake yi wa duk wanda ya tsufa. Ashe ita 'yar ƙasa ce, ni baƙuwa.

A asibiti na miƙa katin gida ina wani isa. Matar da ke karɓar marasa lafiya ta juya shi gaba da baya ta miƙo min, ta ce sai a Najeriya yake aiki. Wallahi na ji kunya.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton jijiyoyi. Jini ba ya sauka ƙafar, sai an buɗe jijiya, in ba haka ba a yanke daga ƙasan gwiwa. Masu tamin suka ƙi amincewa, wai tsohon ciwo ne.

Likita ya ce, "Hajiya, kwana huɗu na ba ƙafar nan, ba zan ƙara ba."

Na tsorata ƙwarai. A banɗaki na yi kukana don kada Nura ya gani. 'Yan uwa suka ce a sa ni a jirgi zuwa Kano tunda can katin ke aiki, likita ya ce ƙafar ba za ta jira ba. Nura ya fara neman mai sayen motarsa, alhali da ita yake ciyar da iyali. Na ce in ya sayar ban yafe ba.

Ni da na tsufa ina bin fayil ofis-ofis, takarda ce za ta kayar da ni?

Na sa Nura ya fassara min sharuɗɗan tamin layi-layi. Can ciki sun ce suna biyan jinyar gaggawa. Na duba rahoton da aka aika musu, "ciwon suga" kawai aka rubuta. Na roƙi likita ya rubuta abin da ya faɗa min da bakinsa, har da kwana huɗun. 'Yata Binta ta je asibitin da katin fanshona yake a Kano, ta turo takardar dubawar ƙarshe, ga shi a rubuce ƙafata lafiya lau take. Muka haɗa muka aika. Na dinga kiransu safe da rana har mai ɗaukar wayar ya haddace muryata.

Rana ta uku bayan la'asar amincewa ta fito.

An buɗe jijiya. Yatsan dai ya tafi, ƙafa tana nan.

Yanzu na sauya tamin, na raba wa katunan biyu aiki. Tamin mai kyau na jinyar nan ne, katin gida na duba ido da ƙoda ne duk lokacin da na je hutu. 'Yan fansho, ku tambayi inda katinku ya tsaya tun kuna da lafiya. Ku faɗi duk ciwonku ranar sayen tamin. Ku ajiye hoton takardun asibiti a waya. Masu suga, ku riƙa duba ƙafa kullum.

Na gode wa Allah, na gode wa likitana da masu wanke min ciwo, da ku masu addu'a. Nura, Binta, Allah ya ba ku masu yi muku.

Ranar Juma'a na je Harami. Masu tura keke suka yo kaina, na ce su nemi mara ƙafa. Awa biyu na yi ina ɗawafi, ina hutawa, amma da yatsu tara na gama bakwai ɗina.