Mai Askin da Ke Auna Duniya da Ƙwai

Shagonsa na jikin katangar tashar manyan motoci: kujera ɗaya mai juyawa, madubi mai tsaga a kusurwa, injin aski biyu. Direbobin da ke ƙetare iyaka ne suka raɗa masa Nawa-ne, don kafin ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya ya riga ya tambaye shi kuɗin ƙwai a ƙasar da ya fito. A ganinsa ƙwai ba ya ƙarya. Burodi ana rage masa girma, madara a ƙara mata ruwa, amma kaza ba ruwanta da ha'inci.

Da can tambayar ta raha ce, bana kuwa ta zama ta neman tsira. 'Ya'yansa biyar, autar ta rame har likita ta ce a riƙa ba ta ƙwai kullum. Ranar da ya tarar da matarsa tana yanka dafaffen ƙwai ɗaya gida biyar da zare, don sauran ma sun zuba ido, shago ya koma ya rufe ƙofa ya yi kuka.

Wani direban tanka ya rantse masa cewa a ƙasar da yake kai mai, kuɗin ƙwai ɗaya na nan uku yake saya. Wasu biyu suka gaskata shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Nawa-ne bai shawarci kowa ba, ya ƙudura kwashe iyalinsa su koma can, ya sayar wa wani mai sayar da waya shagon, har kujera da madubi, ya bar wa kansa inji ɗaya.

Da ya kai albishir gida, matar ta ajiye wanke-wanke ta dube shi.

"Baban yara, a can nawa ake aski?"

Shekara goma sha biyu yana tambayar matafiya, wannan ce kaɗai bai taɓa yi ba. Ya koma tasha a guje, ya sami direban yana duba taya.

"Aski? Ai banza ne a can," in ji direban. "Sai ka aske kai biyu kafin ka sayi ƙwai ɗaya."

A nan kuwa, duk tsadar da ake kuka da ita, kai ɗaya ƙwai biyu yake kawo masa.

Ya ja ƙafa zuwa shagon. An riga an cire madubin, ana kafa kanta. Ya roƙi mai waya ya mayar da cinikin, ya ƙi. Ya roƙa a bar shi ya ajiye benci a bakin ƙofa, ko don yarinyar. Mai waya bai ko ɗago kai ba, ya ce bakin ƙofar ma ya riga ya ba wani haya.