Juyin Gida Uku na Malam Zaidu

Malam Zaidu akwai taurin kai, Allah Ya ƙara masa lafiya. Yana koyar da lissafi a firamare ruwan Kainji ya cinye ƙauyensu, aka kwaso su zuwa sababbin gidaje kusa da Wara. Masu rabo ba su tambayi wa ke maƙwabtaka da wa ba. Innarsa Dudu ta faɗa wannan bakin gari, aminiyarta Tamada can wancan bakin, su da zana kawai ya raba su tun suna amare.

Mutane suka shiga musayar gidaje, yau a yi, gobe ɗaya ya ce ya fasa. Dattawa suka gaji, suka hana musayar mutum biyu. Sai dai gida uku su juya, kowa ya koma na wani, ta yadda fasawa za ta yi wuya.

Kowa ya faɗi inda yake so, aka ce Malam ya tsara. Ya baje tsakuwa a ƙasa, kowace gida guda, yana juya su uku-uku. Abin haushi, duk ta inda ya bi sai gida biyu sun rage a harɗe. Inna, mai son komawa kusa da Tamada, ta ce a sallami mutane tukuna, nata ya jira. Ya yi mata alkawari. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita, har ta rasu yana neman hanya.

Ya yi ritaya, ya yi furfura, bai daina kiran kansa daƙiƙi ba.

Bara jikarsa Rahila ta zo hutu daga jami'a da kwamfuta, a cikinta akwai manhajar da masana ke lissafa irin waɗannan juye-juye da ita.

"Kawo tsohon ciwon naka, angona," in ji ta.

"Ke amarya, wagga aba ta san Wara?"

Ya dai faɗa mata gidajen, ba wanda ya manta. Kafin ya gyara zama amsa ta fito.

"Babu hanya, Kaka. Juyin uku ba ya taɓa warware biyu, ko wa ya gwada."

"Wato ba daƙiƙancina ba na?"

"Wallahi ba shi ba ne."

Ya fara dariya, sai ga hawaye.

"Kai, Inna! Ashe dattawa ya kamata in je in durƙusa ma, in roƙa miki. Ni ko na tsaya lissafi."