Kwikwiyon da Akuyata Ta Shayar

Damina ta yi nisa a wannan shekara, gulbi ya cika har ya haura fadama, sai ga yayana ya yi sallama a gidanmu na Birnin Kebbi da hantsi, rungume da kwalin taliya. Daga Argungu yake, inda yake noman shinkafa da damina, albasa da rani. Ina kan keken ɗinki ya shigo. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na tambayi lafiyar Inna da iyalinsa. Na ɗauka busasshen kifi ne a kwalin, don ba ya zuwa mana hannu rabbana. Muna cikin gaisawa sai kwalin ya motsa.

"Yaya, mi ke ciki?"

Ya buɗe. Wani ɗan kwikwiyo ne ja, bai fi tafin hannuna biyu ba, idanunsa ba su gama buɗewa ba, yana rawar sanyi a kan tsohuwar riga.

"Uwatai maciji ya sare a gona," in ji shi. "Ɗiyanta duk sun bi ta, wanga kaɗai ya rage. Ni kullum ina fadama, ba mai duba shi. Auta, riƙa mini shi har shi yi ƙwari, in zo in ɗauka."

Ni da ban taɓa taɓa kare ba tunda aka haife ni! In na hango shi a hanya ma tsallakawa nake yi ɗaya gefen. Na ce sai dai a jira mai gidan. Da Malam ya dawo daga ofis, ya tsuguna ya daɗe yana kallon kwalin, sannan ya ce karen tsaron gona ba laifi ba ne, kuma rai ne Allah ya kawo ƙofarmu. Sharaɗinsa kawai kada ya shiga ɗaki, kuma a ware masa kaskonsa daban. Yayana ko tuwon rana bai tsaya ci ba, ya yi tasha, ina jin tsoro yake kada mu sake shawara.

Aka bar ni da abu yana ta tsuwa. Na dama koko na tsoma masa baki, ya kau da kai. Na haɗa madarar gari na ɗura masa da sirinji, ya sha, amma cikinsa ya ɓaci, washegari ko kuka ba ya iya yi sosai. Na ajiye ɗinkin mutane na zauna a gabansa, na yi tagumi. Ban san lokacin da na fara tausayinsa ba.

A bayan gidan muna da akuya guda, baƙa mai farin goshi, wadda ta haihu ɗan bai zo da rai ba. Hantsarta ta cika tam, tana ta kuka a turke. Malam ne ya dube ta, ya dubi kwalin, ya ce, "To, ga mai nono ba ɗa, ga ɗa ba nono. Mu gwada mana."

Ya naɗe hannun rigarsa ya riƙe mata ƙaho, ni kuma na naɗe hannuna da tsumma na ɗauko kwikwiyon na kai bakinsa ga nonon. Akuya ta yi tsalle, ta kai shuri, ta zubar da kwanon dusa, Malam ya zauna daɓas a ƙasa. Muka tashi muka sake. Da bakinsa ya kama, ya fara zuƙa yana tura ƙananan ƙafafunsa, sai akuyar ta yi tsit, ta juyo da kai tana shinshina bayansa. Ya sha har cikinsa ya yi tulu, ya saki, ya yi barci a hannuna. Sai a lokacin na lura tsumman ya faɗi tun tuni, fatata ce a kan gashinsa.

Kwanakin farko sai an riƙe ta. Daga baya da kanta take kiransa. In ya yi nisa ta yi wani ɗan gajeren kuka, sai ka gan shi ya taho yana tangaɗi, yana faɗuwa yana tashi. Na mayar da kwalinsa kusa da turke, amma bai ƙara kwana a ciki ba, jikinta yake lafewa.

Ba mu raɗa masa suna ba, tunda ba namu ba ne. Kwikwiyo muke ce masa, kuma yana amsawa.

Rainonsa ya koya mini aikin da ban sani ba. Na koyi cire kaska daga kunne da tsakanin yatsu. Na koyi yi masa wanka a tsohon baho da rana tsaka, shi yana kuka, akuya tana kuka, kamar yanka shi nake yi. Da haƙora suka fito na fara jiƙa masa tuwo da romon kifi. Haƙoran nan kuwa sun yi ɓarna. Ya cinye mini tef ɗin awo har biyu. Wata Juma'a Malam ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya fito neman takalminsa, ya tarar da ƙafa ɗaya a bakin turke an yi mata kaca-kaca. Da silifas ɗin banɗaki ya tafi masallaci, yana tafe yana cewa, "Laifina ne, ni na ce a karɓe shi."

Abin da ya fi ba mu dariya shi ne, shi dai a saninsa akuya ne. In na zuba harawa sai ya tura baki tare da ita, ya tauna, ya yamutsa fuska, ya tofar, ya sake ɗauka. In wasa yake so, ba ya cizo kamar sauran karnuka, ja da baya yake yi ya sunkuyar da kai ya kawo tunkuyi. Yana hawa kan turmin da na kifa ya tsaya ƙiƙam yana kallon gida. Matan da ke kawo mini ɗinki da farko daga zaure suke tsayawa su miƙo leda, suna cewa in ɗaure shi. Da suka ga yana tunkuyin ƙafar kujera, sai suka koma shigowa musamman don su kalla.

Ranar rigakafi kuwa na sha kunya. Malam yana wurin aiki, ni ce zan kai shi asibitin dabbobi. Mai babur ɗin kabu-kabu na farko da ya gan shi a hannuna ko tsayawa bai yi ba. Sai na koma gida na sa shi a kwando, na rufe da zane, na tari keke napep. A ciki akwai wata dattijuwa da carbi a hannunta. Muka gaisa, ta dubi kwandon da ke kan cinyata ta ce, "Ɗiyata, kaji za a kai kasuwa?"

Kafin in buɗe baki, zane ya ɗaga, ya leƙo da kai, ya dube ta, ya yi haushi. Wannan ne haushinsa na farko a duniya. Shi kansa ya tsorata, ya koma cikin kwando da sauri. Dattijuwa ta yi salati ta manne da ƙarfen keke, direba ya taka birki yana waige. Na fara ba da haƙuri, ina bayanin maraya ne, akuya ce ta shayar da shi. Tsohuwa ta ce, "Akuya?" Ta sa na maimaita. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Da za ta sauka ta ce in ɗan buɗe ta ƙara ganinsa, amma daga nesa.

Ruwa ya ɗauke, aka yanke shinkafa, aka fara dashen albasa. Kwikwiyo ya yi tsawo, ƙirjinsa ya buɗe, haushinsa ya yi kauri har maƙwabta suka ce ɓarayin kaji sun daina bin layinmu. Sai yayana ya bugo waya ya ce ana ɗauke masa tiyo da jarkar mai a gona, lokaci ya yi. Na ce to. Na ajiye wayar na koma kan keke, na ɗinka hannun riga a bai-bai.

Mu muka kai shi, a bayan motar wani abokin Malam. Ina ta tunanin yadda zai yi da rayuwar fadama, shi da bai san komai ba sai siminti da turke. Muna isa gonar na kwance igiyar. Ya tsaya yana shinshina iska. Ya ga fili shimfiɗe kore shar, ga ruwa yana gudu a kwalbatin ban ruwa, ga balbelu. Sai ya zura da gudu, ya faɗa ruwa, ya fito, ya bi balbelu, ya dawo ya tunkuyi yayana a gwiwa har ya kusa kayar da shi.

"Auta, mi kika yi wa karen nan? Kare na ba ki ko bunsuru?"

Da za mu tafi na kira shi. Ya zo ya shinshina hannuna, ya kaɗa wutsiya, ya juya wajen balbelunsa. Na ji haushi ƙwarai. A mota na ce wa Malam, "Ka ga ɗan banza, ko rakiya." Malam ya ce ai alamar na yi raino mai kyau ke nan.

A gida ne aka samu matsala. Akuya ta ƙi cin abinci. Ta zagaya turke, ta leƙa bayan turmi, ta yi wannan gajeren kukan, ta saurara, ta sake. Tun ina daurewa har na kasa ɗinki. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko ciwo take yi. Ana haka yayana ya kira ya ce shi ma nasa ya daina wasa, yana kwance bakin bukka, tuwo ma sai ya ga dama.

Malam ya ce, "Mu muka haɗa su, ba mu da hujjar raba su."

Haka aka ɗora akuyata a mota, ita ma ta yi Argungu. Ban je ba, amma yayana ya ba ni labari. Ya ce tun kafin a sauke ta ta yi kuka, karen ya miƙe daga bakin bukka kamar an tsikare shi. Ya ce ƙato da shi ya durƙusa yana neman hantsa, ita kuwa ta ba shi tunkuyi ɗaya mai kyau, sannan ta hau lasar kunnensa.

Gidan ya yi mini shiru na ɗan lokaci. Na koma ɗinkina, takalman Malam suka samu lafiya.

Bayan an kwashe albasa na je duba Inna, yayana ya ce lallai in biyo shi gona in raba wata rigima. Ashe akuyar ta haifi tagwaye, kuma tun ranar karen ya kafa ya tsare. Ba mai matsawa kusa da su, har shi mai gonar. Daga nesa yake jefa harawa.

Na same su a inuwar mangwaro. Akuya tana tuƙa, 'ya'yan suna hawa bayan karen suna zamowa, shi kuma ya miƙe ƙafafu ya kafa kunnuwa. Da ya hango mu ya fara gurnani. Na ce, "Kai, Kwikwiyo, ni ce." Ya yi shiru, wutsiya ta fara bugun ƙasa. Na ƙarasa na tsuguna, na ɗauki ɗaya daga cikin tagwayen, mace, mai laushi kamar auduga. Ya bi hannuna da ido, amma bai hana ni ba.

Yayana daga can baya ya ce, "To tunda ke ya yarda da ke, duba mini ɗayan, mace ce ko namiji? Har yau ban sani ba."

Na ɗaga na duba, na ce masa namiji ne.