Robar Birkin Dalhatu

Mas'udu ɗan maƙera ne daga Bungudu. Ubansa fartanya da garma yake ƙerawa, kakansa ma haka, kuma ba wanda ya zaci shi zai yi wata sana'a daban. Sai dai gidansu yana dab da hanyar Sakkwato, saboda haka tun yana zuga wuta kunnensa yana wajen motocin da ke wucewa. Da ubansa ya rasu, sai ya bar wa ƙannensa maƙerar ya taho Gusau, ya shiga garejin wani dattijo mai suna Ishaya, mutumin kudancin Zariya. Shekara takwas ya yi a hannunsa. A shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama aka sallame shi, ya kafa tasa rumfar ta kwano a bayan tasha.

Gajere ne kakkaura, ba shi da yawan magana. Idan aka kawo masa mota, ba ya fara tambayar mai ita abin da ke damunta. Cewa yake a tayar da ita, ya dafa ta da hannu ya sunkuyar da kai, can sai ya ɗago ya faɗi inda ciwon yake, kuma da wuya ya kuskure. Abin da direbobi suka fi saninsa da shi kuwa taurin kai ne a kan kayan gyara. Fitila ko madubi ko hon, duk wanda ka kawo zai ɗaura maka. Birki da sitiyari kuwa, in ba na kamfanin da ya ƙera motar ba ne, ba ya taɓawa. Haka Ishaya ya koya masa. Wasu sukan yi fushi su janye motarsu, bayan mako biyu su dawo.

Babban abokinsa a Gusau shi ne Dalhatu, direban a-kori-kura mai jigilar mutane da kaya tsakanin Gusau da Tsafe. Halinsu ya sha bamban. Dalhatu dogo ne mai barkwanci, in ya zauna a rumfa ba mai jin muryar kowa sai tasa. A rumfar nan ya fara ganin Delu, ƙanwar Mas'udu, ranar da ta zo daga Bungudu ta biyo ta gaida wanta. Bayan shekara guda aka ɗaura musu aure. Tun daga nan Dalhatu ya koma kiransa Yaya, da farko cikin wasa, har bakinsa ya saba. Kullum ya sauke lodin ƙarshe da la'asar, sai ya zo rumfar da ƙullin rogo ko rake, su zauna a kan tsohuwar kujerar mota su ci.

Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, motoci suka yi yawa a gari. Malaman makaranta da akawuna duk suka sayi abin hawa, aiki ya yi wa Mas'udu yawa. Amma a wannan lokacin ne kayan gyara na kamfani suka yi wuya. Ana ta cewa jiragen ruwa sun cunkushe a Ikko, kaya suna yin watanni ba a sauke su ba. Sai wasu kaya suka cika kantuna, an kwaikwayi na kamfani har kwalinsu, ba a san ma ƙasar da ake yin su ba. Sauran makanikai suka rungume su. Mas'udu ya ƙi. Da kansa yakan hau mota zuwa Kaduna ya nemo abin da ya samu, ya zo ya kulle a akwatin ƙarfe.

Cikin masu kawo masa aiki akwai Alhaji Mu'azu, mai sayen auduga, wanda ke da motoci biyar. Samun wannan mutum ba ƙaramin abu ba ne ga mai rumfar kwano, domin manyan gareji biyu suna zawarcinsa. Alhaji mutum ne mai son a yi masa abu nan take. Ya taɓa ce wa Mas'udu, ranar da ya kawo mota aka ce masa babu kaya, ranar zai canza wuri. Maganar ta zauna wa Mas'udu a rai.

Wata Laraba da kaka, Dalhatu ya shigo da motarsa da hantsi, lokacin da ya kamata yana kan hanya.

Ya ce, "Yaya, duba mini wagga mota. Birkin ya yi laushi, sai na taka sau biyu take tsayawa."

Mas'udu ya ɗaga motar ya cire ƙafar baya. Man birki ya jiƙa wurin sharkaf. Akwai wasu 'yan robobi, kowace ba ta fi murfin kwalba ba, su ne ke tare man idan an taka birki. Na motar Dalhatu sun cinye.

Ya ce, "Roba ce ta mutu. Dole a canza."

"To, a canza. Akwai na kamfani?"

A cikin akwatin ƙarfe akwai saiti ɗaya tak, irin na motar Dalhatu, wanda kuma shi ne irin na motoci uku cikin na Alhaji. Ba wanda ya ce a ajiye masa shi. Alhaji bai ma san da shi ba. Mas'udu ya tsaya da tsumma a hannu yana goge yatsunsa. Abin da ya zo masa a rai shi ne, kaka ce, motocin Alhaji suna ƙauyuka ɗaukar auduga, ko yaushe ɗaya za ta iya shigowa. Dalhatu kuwa na gida ne, ba inda za shi.

Ya ce, "Babu. Sai na koma Kaduna, mako biyu nan gaba."

Dalhatu ya dafe kai. "Mako biyu da kaka? Yaya, mi za mu ci? Na kantin nan fa, kowa su yake sawa. Ka duba mini, in ka ce a'a, na ajiye ta."

Mas'udu ya tafi kanti da kansa ya karɓo. Ya buɗe kwalin, ya matsa robar tsakanin yatsunsa, ya ɗaga ta ga rana. Ta fi ta kamfani sheƙi, kuma ta ɗan fi ta tauri. Hannunsa ya gaya masa ba ɗaya ba ne. Amma ya ce wa kansa mako biyu ne kawai, da ya dawo daga Kaduna zai cire ta.

Ya ce, "Za ta yi."

Dalhatu bai ƙara tambaya ba. Shekarunsa nawa yana ganin ana korar mutane daga rumfar nan a kan wannan magana, in har Yaya ya ce za ta yi, to za ta yi. Aka ɗaura, aka zuba mai, aka gwada motar a bayan tasha, ta tsaya cak. Ya ja abarsa yana wasa da masu sayar da lemo.

Mako biyu suka wuce Mas'udu bai je Kaduna ba, aiki ya riƙe shi. Na uku ma haka. Kullum da la'asar yakan tambayi Dalhatu birki, shi kuma ya ce lafiya lau. A hankali ya daina tambaya.

A kwana na ashirin da shida, Dalhatu ya taso daga Tsafe da safe da mutum tara da buhunan dawa. Kusa da Kwatarkwashi akwai wata 'yar gangara, a ƙarshenta garken shanu yana tsallaka hanya, mata biyu suna biye da ƙorai a ka. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya riƙe ta. Ya sake takawa, haka. Sai ya karya sitiyari ya bar hanya don kada ya bi ta kan matan, motar ta faɗa kwalbati ta kife a gefen da yake zaune. Ba a rasa rai ba. Wata tsohuwa ta karye a hannu, saura suka sami ƙujewa. Dalhatu kuwa ƙarfe ya danne masa ƙafar dama, sai da mutanen ƙauye suka taru suka ɗaga motar aka zaro shi.

Wata uku ya yi a asibiti. Ba a yanke ƙafar ba, amma gwiwar ta sandare, ba ta sake lanƙwashewa ba. Tuƙi ya ƙare.

Mas'udu ne ya je ya janyo motar. Da ya kawo ta rumfa, ya jira har wurin ya yi sauƙin mutane, sannan ya cire ƙafar baya. Robar ta kumbura ta tsage gida biyu, man duk ya tsiyaye. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannunsa, daga baya ya jefa ta cikin tarin tarkace. Saitin na kamfani yana nan cikin akwati. Motar Alhaji ko ɗaya ba ta nemi roba ba a wannan kakar.

A tasha maganar da ta bazu ita ce Dalhatu gudu yake yi. Wasu suka ce ai dama mai yawan surutu ba ya kallon hanya. Ba wanda ya ambaci birki, don kowa ya san wanda ke gyara masa mota. Har shi Dalhatun, da Mas'udu ya je duba shi, cewa ya yi, "Laifina ne, Yaya. Kwana huɗu ban duba mai ba. Ka sha gaya mini in riƙa dubawa kowace safiya." Mas'udu ya buɗe baki, sai ya ga Delu zaune a bakin gado da tsohon ciki tana yi wa mijinta fifita. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fito.

Ya yi musu duk abin da ɗan'uwa zai yi, har ya wuce. Hatsinsu daga gidansa yake fita. Da Delu ta haihu, shi ya yanka ragon suna. Da Dalhatu ya fara takawa da sanda, shi ya nema masa rumfa a kasuwar Tsafe ya fara awon hatsi, iyalin suka koma can. Mutane suna ta yabonsa, suna cewa ba kowane suruki ne zai yi haka ba. Duk ranar da ya ji wannan yabo, abinci ba ya shiga masa. Ya ƙara zama shiru. Alhaji Mu'azu kuwa bayan shekara guda ya buɗe garejin kansa, ya kwashe motocinsa gaba ɗaya, ko sallama bai yi ba.

Shekara uku aka yi a haka. Wata rana da damina Mas'udu ya je Tsafe, ya tarar da Dalhatu a rumfa ya miƙe ƙafar a kan buhu. Wani direba ya tsaya sayen gero, da zai tafi sai Dalhatu ya bi shi da nasiha, yana cewa ya riƙa duba man birki, kada ya yi sakaci irin nasa, ga shi nan ya nakasa kansa ya karya tsohuwar mutane. Da direban ya tafi, Mas'udu ya ji ba zai iya komawa Gusau da maganar a cikinsa ba.

Ya ce, "Dalhatu, ba sakacinka ba ne. Robar da na sa maka ce ta tsage. Na gani da idona."

Dalhatu ya ajiye tiyar da ke hannunsa. Ya ce, "Ai ni na matsa maka. Ka ce babu na kamfani."

"Akwai. Yana cikin akwati ranar. Na ajiye shi ne saboda Alhaji Mu'azu."

Wata mata ta zo ta tambayi dawa, Dalhatu ya auna mata, ya ƙulle mata bakin buhu, ta tafi. Sannan ya juyo.

"Alhajin ya ce ka ajiye mishi?"

"Bai ce ba."

"Shekara uku ina zagin kaina, kana ji."

"Ina ji."

Dalhatu ya dubi ƙafarsa. Can ya ce, "Na yafe maka, don ni ma ina son Allah ya yafe mini. Amma kada ka gaya wa Delu. Kai kaɗai take gani ta ji tana da uba. Wanga abu ya tsaya tsakaninmu."

Mas'udu ya so ya ƙara magana, Dalhatu ya ɗaga masa hannu. Ya kira mai fura ya sa aka dama wa baƙonsa, kamar yadda ya saba, amma shi bai sha ba.

Dalhatu bai taɓa tayar da zancen ba bayan wannan rana, bai kuma gaya wa kowa ba. A tasha har yau masu tunawa da haɗarin suna cewa gudu ne. Sai dai daga watan nan ya aika wa Mas'udu cewa a daina kawo hatsi, rumfa tana riƙe su. Idan ya shigo Gusau sarin kaya, yakan tsaya daga bakin hanya ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya ce mota tana jiransa. Barkwancinsa yana nan da kowa, ban da mutum ɗaya.

Delu ta lura. Da Mas'udu ya je musu gaisuwar Babbar Salla a shekarar da ta biyo, ta rako shi har zaure, ta ce, "Yaya, mi ya shiga tsakaninku da maigidan? Na tambaye shi ya ce ba komi."

Mas'udu ya ce, "Ba komi. Girma ne ya zo mana."

Ta dube shi, ba ta yarda ba, amma ba ta ja ba. Ta miƙa masa ƙullin soyayyen nama ta ce a kai wa yara. Ya karɓa, ya taka zuwa bakin hanya, ya tsaya jiran motar Gusau.